Ma'aunin Barmu

Yatsu uku gare shi a hannun hagu, Sajan Barmu.
Ranar farko, can bayan Madarunfa,
bai ba ni bindiga ba.
Hannun ya miƙo mini, ya ce, ƙirga.
Na ƙirga.
Ya ce, sauran biyun albarushi ya ci,
ranar da na yi awo da ido
don mota na jirana a bakin hanya.

Mako biyu ina rub da ciki a kan yashi
da bindigar da babu komai cikinta,
cinnaku na hawan ƙafar wandona,
shi kuwa bisa tsohuwar taya yana ɓare gujiya.
Ya ce, wadda kowa ya rantse babu komai cikinta,
ita ke cika kushewa.
Buɗe. Duba. Sake dubawa.
Kada bakinta ya gaida ko inuwar mutum.

Sai karatun iska, ba allo ba tawada:
ganyen gawo, busasshen kara da aka manta a gona,
ƙaiƙayin da ya saki daga tafinsa,
kawalwalniya mai rawa kan faƙo in rana ta take.
Gwangwanin tumatir a gindin tudu,
ɗan mitsitsi kamar ƙwayar riɗi.
Harsashi matafiyi ne, in ji shi,
yana gajiya, yana sunkuyar da kai,
iska na yi masa raɗa a hanya.
Aikinka ka riga shi jin abin da za ta ce.

Shaƙi numfashi. Saki rabi.
Akwai wani ɗan zaure tsakanin bugun zuciya da na bayansa,
nan za ka tsaya.
Kunama ba a fizgarta, yaro.
Yadda ake zare ƙaya daga ƙafar jinjiri, haka.

Da la'asar sai ɗakin kwano.
Taba a waje, ashana a waje, rediyo a waje,
hira ma ta tuɓe takalmi ta jira a ƙofa.
Kwanson tagulla jere a faranti,
ya ɗaga kowanne ga hasken taga,
mai tsaga ba shi da beli.
Ga ɗan ma'auni irin na maƙeran zinariya,
ga littafi mai baƙin bango da yake bi da yatsa.
Abin da littafi ya ce, iyakarsa ke nan.
Albarushi ba gero ba ne, ba a yi masa gyara.
In aka yi sallama kana tsakiyar awo,
juye, soma daga fari.

Ranar gwaji laftana ya zo daga Maraɗi
da agogo, da takarda, da tabarau.
Harbi uku.
Na farko, gwangwani ya amsa.
Na biyu, ya tashi ya yi tsalle.
Na uku, iska ta yi barci, saiti ya zauna daram,
sai ga kunne bisa tudu.
Jar akuya.
Ni kuwa a garinmu ban taɓa ganin akuya
da babu ɗan wani a bayanta ba.

Na ɗauke yatsa. Na buɗe. Na zare harsashi.
Agogo ya cinye lokacina.
Muka jira.
Babu yaron da ya ɓullo. Akuyar ce kaɗai,
ta tsinki kalgo, ta yi gaba abinta.
Laftana ya rubuta biyu cikin uku,
abokai suka raɗa mini Lauyan Awaki,
har yau sunan bai sake ni ba.

Barmu bai ce uffan ba.
Da dare ya zo da ƙunshin tsumma,
ya ajiye kan tabarmata, ya nemi ruwa, ya sha, ya tafi.
Ma'aunin ne.

Shekara tara ina tsaron dajin Baban Rafi.
Duk wanda aka turo mini sabo,
nakan miƙa masa hannuwana duka biyu.
Ya ƙirga, ya ce goma, yana kallona.
In ce, to, zauna,
ka ji wanda ya biya kuɗinsu.