Makullin Sito

Ni ne Protasio, mai riƙon makullin sito
a asibitin tsibirinmu, gabas da Samar.
Shekara goma sha tara ina ƙirga kwali.
Shugabanni huɗu na gani.
Na farko ya zo da tsawa, ya tafi da hawan jini.
Na biyu bai taɓa ƙetare ruwa ba
sai ranar da aka sauya masa wurin aiki.
Sauran biyun, sa hannunsu kawai na sani.

Sai ga Dakta Luningning Dacanay,
takalmin roba, laima mai karyayyen haƙarƙari.
An koya mata sauraron ƙirji,
ba a koya mata karatun kasafin kuɗi ba.
Da bakinta ta faɗi haka, ran Litinin, gaban kowa.
Na ce a raina, wannan ba za ta ga ƙarshen damina ba.

Ta ce in buɗe sito.
Maganin tari kwali arba'in, wa'adinsa ya wuce tun bara.
Na ciwon suga, ko ƙwaya.
Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.
Ta zauna kan kwali, ta ciro biro:
“Wa kake gaya wa in abu ya kusa ƙarewa?”
Na ce ba wanda ya taɓa tambaya.
Ta rubuta wannan ma.

Bayan ƙofa akwai tarin rahotannin Perpetua,
ungozomar can ƙurewar tsibiri.
Wata-wata take aikowa a kwalekwalen masu kwakwa,
shekara shida, gara kaɗai ke karantawa.
Dakta ta kwashe su ta kai gida.
Da safe idonta ja wur.
Mata uku sun cika a hanya ɗaya,
duk a watan da igiyar ruwa ke hana ƙaramin jirgi fita.
Perpetua ta faɗa, sau uku,
da shuɗin biro, ta ja layi a ƙasa.

Ta je majalisar gari neman kuɗin man jirgi.
Aka ce ta dawo. Ta dawo.
Aka ce magajin gari ya tafi Tacloban.
Ta zauna a benci, takardun Perpetua a cinya,
har aka kunna fitilun kasuwar kifi.
A zuwa na biyar suka ba ta rabin abin da ta nema.
Ta karɓa. Da babu gara ba daɗi.

Ita ma ta taka sawun ɓarawo sau ɗaya:
ta juya jadawalin masu aikin dare
ba ta tambayi kowa ba.
Mako biyu gaisuwa ta yi tsada.
Ran nan ta goge allon da tafin hannunta,
ta miƙa wa Crisanto alli,
ta koma kujerar baya.

Da guguwar Nuwamba ta taso
ba wanda ya tsaya jiran umarni.
Takarda na manne jikin firji, kowa da layinsa:
Crisanto janareta,
ni akwatin sanyi na rigakafi, zuwa coci a kan tudu.
Masu tsohon ciki an kwaso su tun shekaranjiya.
Rufin sito ya tafi teku bai yi sallama ba.
A daren aka haifi biyu tsakanin bencinan coci,
Perpetua ta karɓe su, fitila a bakinta.

Bana ta tafi kwas Manila, mako uku.
Da ta sauka a gaɓa sai duba waya take,
ba kira ko ɗaya daga gare mu.
Na lura ta ɗan ji haushi.
Ta ce, “Protasio, buɗe sito.”
Na ce makullin yana hannun Marivel,
yarinyar da nake koya wa ƙirga.
Ta dube ni, ta dubi laimarta,
ta ce to mu je mu jira ta.