Fangali na Bakwai

Na iso Jiratawa da tsiro arba'in cikin kwali,
saiwarsu naɗe da jiƙaƙƙen buhu,
a bayan babur, na rungume su kamar ƙwai.
Furez muke ce masa; mutanen Kano su ce sitiroberi.
Barmo ya leƙa kwalin, ya sosa gemu:
"Malama, wannan ɗan gatan zai iya da ƙasarmu?"

Na ja igiya, na auna fangali takwas,
na kafa wa kowanne ɗan allo da lamba.
Wannan kashin awaki, wancan na kaji
da ya yi wata uku yana ruɓa a rami,
wani toka da ƙaiƙayi, wani ganyen zogale,
na takwas kuwa ƙasa tsura, don ta zama shaida.
Ba takin buhu, ba maganin kwalba.
A kan haka na sa hannu.

Kowace safiya, sanyi na cizon yatsa,
nakan durƙusa in ƙirga ganye,
in zuba lambobi a layi kamar mai bin bashi.
Gara ta fara kai mini gaisuwa,
ta cinye na uku daga ƙarƙashi, ba sallama.
Sai jan gizo-gizo, ƙanana kamar garin barkono,
suka yi sansani a bayan ganye.
Na daka 'ya'yan bedi har kafaɗa ta yi tsami,
na jiƙa su kwana, na tace da tsohon kallabi,
na fesa.
Ɗacin ya kwana uku a harshena.

Da rana ta fara nuna halinta,
ganye ya riƙa naɗewa tun kafin azahar.
Na biyu ya ƙone a gefe. Na biyar ya sunkuya.
Na takwas ya bi kakanninsa.
Na bakwai kaɗai ya tsaya shar,
da fararen furanni kamar maɓallan riga,
zuma na shiga tana fita.
Na yi murna. Na ja layi biyu a ƙarƙashin lambarsa.
Har na fara shirya jawabin da zan yi a birni.

Ran Laraba na ɗaga ciyawar da na lulluɓe shi da ita,
yatsana ya ci karo da bakin tulu.
Tsohon tulu mai tsaga, binne har wuya,
cike da ruwa, yana tsatsafa wa saiwa a asirce.

"Barmo!"
Ya taho yana goge laka a wando.
"Da la'asar nakan ji shi yana ƙishi," in ji shi,
"ke kuwa kin tafi da littafinki."
Na ce ya rushe mini aikin wata huɗu,
ma'auni ya karkace, lissafi ya ɓaci.
Ya dube ni, ya dubi furannin.
"To, lissafin kika zo shukawa?"

Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ɗan fari ya nuna ranar kasuwa.
Ja wur, da 'yan ƙwayoyi a fatarsa kamar riɗi.
Na ɗora shi a sikeli: giram goma sha ɗaya.
Barmo ya zaro wuƙarsa ta yankan zogale,
ya raba shi uku,
ni, shi, da jikarsa Cima mai giɓi.
Cima ta runtse ido, ta ce tsami,
ta ce a'a, zaƙi,
ta miƙo hannu.

Littafina ba shi da gurbin wannan.
Na juya shafi, na buɗe sabo,
na rubuta: tulu, zurfi taƙi biyu, cikawa duk kwana uku.

Baɗi fangali goma sha shida za mu ja,
rabi da tulu, rabi babu,
mu ga ko tulun ne, ko takin, ko sa'a.
Na riga na biya mai ginin tukwane kafin alƙalami.
A bangon rahoton, ƙarƙashin sunana,
Barmo ya karɓi biro, ya riƙe shi kamar dashe,
ya ja nasa da ajami, daga dama,
har wutsiyarsa ta taɓa nawa.