Mil ɗin da Ba a Ƙirga Ba

Shekara goma sha tara allurar na kwance a kan sifiri,
babana Evelio bai taɓa kulawa ba.
Ya ce kunne ya ishe shi:
in ƙofar baya ta fara karkarwa, arba'in ke nan,
in madubi ya ɗauki rawa, a sassauta ƙafa.
Da haka ya yi ta jigilar mutane
daga Cienfuegos zuwa Trinidad
a Buick mai launin ɗanyar ayaba
wadda ta girme shi da damina biyu.

Na gaji makullin, ban gaji kunnen ba.

Ran Asabar na kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari,
ƙafafu bisa kujera, tocila a baki,
tsatsa na zubo mini a ido kamar garin barkono.
Notin ya ƙi.
Na jiƙa shi da kananzir, na sha kofi, na dawo,
ya ƙi.
Na zage shi, na roƙe shi.
Sai da la'asar ya saki,
da irin nishin tsoho mai tashi daga kujera.

Na zaro wayar daga cikin rigarta,
baƙa wuluk, giris ya daskare mata kamar ƙanzo,
ta tsinke taƙi ɗaya daga bakin giya.
Ashe ba laifinta ba ne.
Agogon ne ya cije a sama,
giya na ta juyawa a ƙasa,
ita kuwa a tsakani ta murɗe har ta rabu biyu.
Rabon mai shiga tsakani ke nan.

Na naɗe agogon a tsohuwar rigar Baba
na kai wa Migdalia, mai gyaran agogon hannu
a inuwar baranda, kusa da kantin magani.
Ta ɗaga bakin gilashin kaɗan-kaɗan
kamar mai ɓare dafaffen ƙwai.
Ta ce, "Matso ki gani.
Wannan maganaɗisu ne, wannan ɗan kofin gwangwani.
Ba sa taɓa juna ko da wasa.
Wannan ya juya, wancan ya ji a jikinsa."
A bayansu wani zaren ƙarfe ya nannaɗe,
gashin jariri ma ya fi shi kauri.
"Ja da baya," in ji ta, "numfashinki ya yi masa yawa."

Kwana uku sandar na shan man keken ɗinki,
ɗigo da safe, ɗigo da dare.
Rana ta huɗu ta motsa tsakanin yatsunta.

Sabuwar waya daga gawar wata babbar mota ta fito.
Maƙwabcina Yosvany ya yanke ta daidai,
ya goge bakinta da zarto har ya yi kusurwa huɗu,
ladansa kwalbar man gyaɗa da rabin sabulu.

Saura lambobin ƙasa:
dubu sittin da ɗaya, ɗari huɗu da takwas.
Migdalia ta ce, "In tura su gaba? Nawa zan ƙara?"
Nawa ne daren da aka kai Mama asibiti cikin ruwa?
Nawa ne buhunan shinkafa, amare, akwatunan masu tafiya ba dawowa,
da wannan tafiyar ta ƙarshe zuwa maƙabarta,
a giya ta ɗaya, mutane na biye a ƙafa?
Na ce ta bar su yadda ya bar su.

Da asubar Talata na hau hanyar bakin teku.
Allurar ta yi makyarkyata, ta yi shakka,
sai ta ɗaga kai.
Goma. Ashirin. Talatin, gonakin rake na wucewa.
Can ƙofar baya ta fara karkarwa.
Na saukar da ido:
arba'in da ɗaya.

Kai, tsoho. Ka yi kuskuren mil guda.

Ina dariya, ina share ido da bayan hannu,
takwas ɗin nan ta sunkuya a hankali,
tara ta leƙo.