Ƙauri

Ƙarfe biyun dare a Mabera,
janareton maƙwabci ya gaji ya yi shiru.
Daga ni sai keke, sai kaftani bakwai
na bikin ɗan Maidamma, jibi-jibin nan.
Na ajiye almakashi, na laluba aljihu,
na ciro sigarin lantarkin da na musanya da kwalin taba
ran da tarina ya tada 'yata Nafisa daga barci.
Na zuƙa.

Ba mangwaro, ba na'a-na'a.
Tsumma ne ya kama wuta a maƙogwarona,
irin ƙaurin da kan tashi
in na mance dutsen guga a kan shaddar mutane.
Na yi tari har tef ɗin awo ya zame daga wuyana.
Na sake zuƙa, don taurin kai gadona ne.
Na biyun ya fi na farko mugunta.

Da hantsi na hau kabu-kabu zuwa rumfar Modi,
mai gyaran waya a bayan Shagon Goro.
Bai ko ɗaga kai ba.
Ya kwance tankin kamar mai ɓare gyaɗa,
ya ɗaga kwayil ɗin ga hasken ƙofa:
baƙi ƙirin, ya yi ƙanzo.
"Ka gani? Audugar ga ta mutu.
Lagwani na, tela, kamar na fitilar kakarka.
In babu kananzir, mi wuta za ta ci in ba shi ba?"

Na ce sabo ne, shekaranjiya na saya.
Ya yi dariya har sukuddireba ta faɗi.
"Sabo, ka zuba ruwa, ka danna nan take.
Ka taɓa zuwa Kwalkwalawa da rani?
Mai albasa in ya saki ruwa ga fangali
tsayawa shikai har ƙasa ta sha."

Ya ɗauko wani daga cikin leda,
ya ɗiga masa ruwa a kowace 'yar taga,
ɗigo, ɗigo, ɗigo,
farar audugar ta yi duhu a hankali
kamar rigar da zufa ta ratsa.
Ya duba lambar da ke jikin ƙarfen,
ya duba wadda na kai injina,
ya girgiza kai, ya sauko da wutar ƙasa sosai.
"An ce arba'in, ka kai sittin.
Tukunya ƙarama, ka tura mata kirare."

Sauran ya faɗa yana lissafin canjina:
kar in bar ruwan ya sauka ƙasa da tagogin,
kar in jera zuƙa kamar mai taka keke,
ruwan nan mai kauri, mai zaƙin alewa,
shi ke daskarewa ya toshe hanya.
Wanda ya ƙone kuwa ya ƙone,
ko an wanke shi a Rima ƙaurin na nan.

Ya cika tankin, ya tsayar da shi kan tebur
tsakanin matattun batura.
"Minti goma. Kak ka taɓa."

Minti goma.
Na zauna a benci, hannuna ya rasa aikin yi.
Mai fura ta wuce. Rana ta ci rabin inuwar rumfa.
Wani yaro yana rigima kan fasasshen gilashi.
Na ƙirga shekarun da na yi ban taɓa jiran hayaƙi ba,
shi ma bai taɓa jirana ba,
sha tara, in ban yi kuskure ba.

Ƙananan kumfa na tasowa cikin tankin,
ɗaya, sai can wata.
Audugar na sha.
Ni kuma ina jin maƙogwarona, ɗanye, yana raɗaɗi,
ina tunanin wace auduga ce a ƙirjina,
kuma a rumfar wa ake sayar da sabuwa.

Modi ya ce lokaci ya yi.
Na sa shi a aljihu, ban zuƙa ba tukuna.
Kaftani bakwai na jirana,
hannun na huɗu ma ban yanka ba.