Tagar Matuƙi

Ran Laraba Baba Hamajoɗa ya zo rumfata
da jirgin sama a cikin kwandon goro,
ya naɗe shi da tsohon rawani kamar jinjiri.
Na ce, Baba, ni tabarau nake gyarawa.
Ya ce, ai wannan ma ido ne ya mutu.

Jirgin roba ne, bai wuce taƙi biyu ba.
Sanda ya aiko shi daga Duwala,
gutsi-gutsi a kwali,
da takardar Faransanci mai rubutu kamar ƙwan kwarkwata.
Dare tara tsohon yana haɗawa,
hannu na rawa, fitila na rawa,
sai da ya zo kan tagar matuƙi
gam ya kufce masa.
Ya sa babban yatsa ya share.

Ga shi nan, zanen yatsa ya zauna daram,
kamar wanda ya dangwala a takardar bashi.
Gefensa kuma fari fat,
yanar ido ta rufe gilashi.

Wani yaro ya ce a sa fetur.
Mai shayi ya ce tina.
Na ce ku rufa mana asiri,
roba ba ƙarfe ba ce, narkewa za ta yi,
garin neman gira a rasa ido.

Gam ɗanye ba a taɓa shi.
Kamar maganar da aka faɗa cikin fushi ne,
in ka bi ta da sharewa sai ta ƙara faɗi.
Bar shi ya kwana, ya bushe, ya san iyakarsa.

Alhamis, bayan la'asar,
zafin Garwa ya ɗan saki wuyanmu,
na jiƙa samfefa a murfin kwalba.
Mai kaushi tukuna, kaɗan-kaɗan,
sai mai laushi,
sai wadda ta fi tafin jariri laushi.
Tagar ta ƙara dushewa.
Tsohon ya miƙe tsaye: ka kashe ta!
Na ce zauna, Baba,
haka take, sai ta yi muni kafin ta yi kyau.

Sannan man goge baki, ɗigo guda a kan auduga.
Da'ira, da'ira, da'ira.
'Yan moto suna wucewa zuwa gadar Binuwai,
wani jirgi na gaske ya keta ta saman Rumde Ajiya,
babu wanda ya ɗaga kai a cikinmu.
Na hura, na goge da gefen riga,
na sake.
Wuyana ya ƙage. Shayi ya huce.

A fiffiken hagu akwai wani tabo,
kan reza ya ɗauke shi, tsinken sakace ya mayar da fenti.
Wannan ba komai ba ne.

Wajen magariba haske ya ratsa.
Na ɗaga shi saitin ƙwan lantarki,
sai ga ɗan mutum a ciki, ƙwayar shinkafa da hula,
zaune a kujerarsa,
ya ba hancin jirgi baya.
Baba ya manna shi a juye.

Mai shayi ya yi dariya har ya dafa benci.
Na ce, zan iya ɓalle tagar in juya shi,
amma sai mun koma farko,
wani gam, wata kwana.

Tsohon ya karɓa, ya kai shi dab da idonsa,
ya daɗe.
Ya ce, shekara shida Sanda bai zo gida ba.
Ya ce, bar shi haka,
ko ba komai wannan yana waiwaye.

Ya ajiye sefa ɗari biyar a kan tebur.
Na tura masa, ya turo mini.
Ya naɗe jirgin, ya sa a kwando,
ya bar mini rumfa tana ƙamshin na'ana'a
da farar ƙura a ƙarƙashin farce.