Bakin Igiya

Ranar Talata suka zo, hantsi bai gama ɗagawa ba,
su uku a farar a-kori-kura mai tambarin ƙaramar hukuma.
Mai jakar ya ce, "Baba, kai ne mai filin?"
Na ce, "Mai fili Allah ne, ni mai shara ne."
Bai yi dariya ba.
Ya miƙo mini bakin igiyar awo,
ya ce in tsaya a kusurwa, kada in motsa.

Shekara ashirin da shida nake tsayuwa a kusurwar nan
da bokitin farar ƙasa da gwangwanin madara mai huji,
ina ja wa yara layi.
Yau ni ake ja wa.

Ya tafi da baya da baya, igiya na warwarewa.
Ya ratsa inda Ishaya ɗan Wusasa ya goce a gwiwa
ya ƙi fita sai da aka busa tashi.
Ya taka da'irar tsakiya da takalmin ofis,
ya ɗaga murya: "Ɗari da huɗu!"
Na biyu ya rubuta.
Na uku na waya da wani Alhaji:
"Shago sittin zai ci, ranka ya daɗe, har da wurin ajiye mota."

Ragar gabas, suka ce ba raga ba ce, ƙarfe ne,
ƙarfe kuwa kilo-kilo ake sayensa a Sabon Gari.
Bencina, itacen girki.
Rumfar 'yan kallo da iska ta yaye wa kwano bara waccan,
sau biyu suka zagaya ta, suka rubuta: babu.
Darbejiya bakwai da na raina da ragowar ruwan alwala
aka jera su a layin kuɗin sarewa.

Bakina ya yi ƙaiƙayi in ce su auna mini ihun ranar nan
da Tudun Jukun ta rama biyu ana dab da tashi,
har Ladidi mai ƙosai ta bar mai yana hayaƙi a kasko
ta shigo fili da matsami a hannu.
Amma igiya na hannuna,
kuma an ce kada in motsa.

Da azahar ya kira ni inuwa in dangwala.
Na ce a karanta mini tukuna,
bokona bai wuce lambar bayan riga ba.
Ya karanta: faɗi kaza, katanga kaza, rijiya ɗaya, ta ƙafe.
Can ƙasa ya sassauta murya:
"Mai gadi ɗaya, Tanimu Jibo.
Bashin albashi, wata goma sha ɗaya.
A cire daga farashi."

Ashe ina cikin lissafin.
Ga ni nan zaune tsakanin zaizayar kusurwar kudu
da tsibin bolar bayan katanga,
mu uku, mu muka karya wa filin kuɗi.
Na dangwala.
Shuɗi ya hau kan farin da ya riga ya cinye yatsan.

Kafin su tafi suka kafa turaku masu jan fenti.
Ɗaya ya faɗo daidai gaban gola,
taku tara daga layi, na ƙirga.

La'asar sakaliya sai ga yaran Gyallesu,
ƙwallonsu ta sha ɗinki wajen baduku,
rabinsu ba takalmi.
Suka yi cirko-cirko suna kallon jan fenti.
Na dama farar ƙasar da ta rage, ba ta kai rabin bokiti ba,
na ja musu iyakar inda ta kai.

Sadisu, mafi ƙanƙanta, ya dafa turken ya ce,
"Baba, in ƙwallo ta bugi wannan fa?"
Na laluba usur a aljihu.
Na ce, "A ci gaba da wasa."