Kwalin Malam Gariba

A Aboabo, a ajinmu na ƙarshe,
Malam Gariba ya yanka kwalin madara,
ya zana haruffa da jan biro, layi-layi,
ya ce, "Ga kwamfuta. Ku ɗora yatsu."
Muka ɗora, mu hamsin da biyu, bi da bi.
Kwali bai taɓa amsa wa kowa ba.

Da na sami jami'a, nan cikin Kumasi,
mota biyu ce daga gidanmu zuwa ƙofa,
amma ɗakin na'urori ya fi Makka nisa.
Ohenewa na zaune a damana,
yatsunta kamar ruwan sama bisa kwanon rufi.
Tun tana 'yar shekara shida, in ji ta,
babanta ke bar mata tasa ta yi wasa.
Ni kuwa ina farautar harafi guda
kamar kaza mai tsintar gero a yashi.

Jarrabawar farko na san amsa, wallahi na sani.
Na kwana da ita bisa tabarma,
Inna na jiƙa waken gobe, tana jin bitata.
Shafi uku na rubuta da gumi,
sai wuta ta ɗauke.
Ba wanda ya taɓa ce mini ana adanawa.
A kwali rubutu ba ya ɓata,
don dama bai taɓa zuwa ba.

Ta ci tamanin. Na ci arba'in da ɗaya.
Allon sakamako ba shi da gurbin faɗin
wa ya riga wa barci.

Yanzu in an yi isha'i ina Alabar,
shagon yayana Awudu mai gyaran waya.
Akwai wata tsohuwa da mai ita ya gudu ya bari,
gilashi a tsage, harafin "a" ya cire.
Gwada rubuta Hausa ba "a" ka gani!
Da tsinken ashana nake zungurar ramin.

Ohenewa ta nuna mini yadda ake adanawa,
na warware mata lissafin da ya shaƙe ta.
Jiya ta tsaya a bayana, ta daɗe, ta ce,
"Zuwera, wa ya koya miki zaman yatsu haka?"

Na dubi hannuwana.
Kowane yatsa na zaune a ɗakinsa,
daidai inda jan biro ya sauke shi.